Kilo ɗaya, jiki daban: me ke jawo haka?

'Yar'uwa, kin ce ke da ƙanwarki duk kilo 70 sikelin asibiti ya nuna, amma ke ake cewa kin yi ƙiba, ita kuwa ko alama. Sikelin bai yi ƙarya ba, nauyi kawai yake aunawa, bai san abin da ya haɗa nauyin ba.

Tsoka ta fi kitse danƙarewa. Lita ɗaya ta tsoka tana kai kilo 1.06, ta kitse kuwa kusan 0.9, shi ya sa kitse ya fi cin wuri a jiki. Ki lura da 'yan dako a kasuwar Dawanau masu sauke buhunan hatsi: sai ki ga mutum kamar siriri, ya hau sikeli ya ba ki mamaki. Ga kuma tsawo. Kilo 70 a jikin doguwa bajewa yake, a gajeriya sai ya taru. Ruwa ma yana da kaso babba, kusan rabin nauyin babban mutum ko fiye.

Ni abin da ya fi damuna kitsen ciki ne, don yana ƙara haɗarin ciwon suga da hawan jini, har ga wanda bai yi kama da mai ƙiba ba. Ki samu tef ɗin tela ki auna ƙugunki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin yana ƙaruwa idan mace ta wuce santimita 80, namiji kuma 94.

In kuma nauyi ya ƙaru cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa, don Allah ki ga likita, ana iya samun ruwa ne ya taru saboda zuciya ko ƙoda.