Tambaya da amsa: Me ya sa taken Ghana yake kama da waƙar coci?

TAMBAYA: Salamu alaikum Ticha. Ni ɗan Aboabo ne nan Kumasi. Dan Allah wani abu ke ɗaure min kai, tun muna firamare kullum safiya muna rera taken ƙasa a asambuli, amma yanzu in na kasa kunne sai inji kamar waƙar da ake yi a cocin bayan layinmu ranar Lahadi. Haka waƙar da ake sawa kafin a take ƙwallon Champions League, haka kiɗan wasu finafinai, duk kamar 'yan gida ɗaya. Sannan kwanaki a wani taro wata mawaƙiya ta rera taken ita kaɗai tana ja tana lanƙwasa murya har muka kasa binta, wasu na tafi wasu na tsaki. Wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kunnenka bai yaudare ka ba, 'yan gida ɗaya ne. Maganar hukuncin sauraron kiɗa a addini kuwa wannan ta malamai ce, ni ɓangaren sana'ar zan taɓa maka.

Wanda ya tsara kiɗan taken namu Philip Gbeho ne, mutumin wajen Keta, malamin kiɗa a Achimota, nashi aka ɗauka a 1957 da aka samu 'yancin kai, kuma shine ya kafa babbar ƙungiyar makaɗa ta ƙasa a 1959. Baitocin da kuka haddace ba su ne na farko ba, bayan an kifar da Nkrumah a 1966 aka sake su, amma karin waƙar yana nan yadda ya barshi. Toh Gbeho da sa'o'insa duk a hannun 'yan mishan suka koyi rubuta kiɗa a takarda, 'yan mishan na Basel sun sauka Osu a Accra tun 1828, 'yan Metodis suka zo Cape Coast a 1835, ko'ina suka kafa makaranta sai sun koya wa yara do re mi da rera waƙa da murya huɗu. Kaga in aka ce wa mutum irin wannan ya tsara wa sabuwar ƙasa take, da kayan aikin da ke hannunshi zai yi. Kuma ba mu kaɗai bane, karin da Afirka ta Kudu da Tanzaniya da Zambiya ke amfani da shi a takensu asalinshi waƙar ibada ce da wani malamin makarantar mishan, Enoch Sontonga, ya tsara a 1897.

Murya huɗun nan ita ce kan maganar. Mu a zango kunnenmu da wani tsari daban ya saba, mutum ɗaya ya bada waƙa 'yan amshi su karɓa, duk kan layi ɗaya, daɗin yana wajen magana da kalangu da yadda zabiya ke karya murya. Su kuwa can mutane kashi huɗu ne suke rera abu huɗu daban daban a lokaci guda, sofrano can sama su ne ke riƙe da karin da kowa ya sani, alto ƙasa da su kaɗan, sai teno, sai bes can ƙasa, kamar dai masaƙin kente a Bonwire, kowane zare da launinshi da hanyarshi amma ƙyalle ɗaya kake gani. Abin da kuka yi a asambuli layin sofrano ne kawai, wato kashi ɗaya cikin huɗu na abin da Gbeho ya rubuta, shi ya sa in 'yan badujala na 'yan sanda suka busa shi ranar faretin 6 ga Maris sai kaji ya cika ya yi nauyi kamar ba shi ba.

Su ma Turawan ba da murya huɗu suka fara ba. Tsohuwar waƙar cocin Roma da ake jingina wa Fafaroma Gregori layi ɗaya ce tal, ba kiɗa ba ganga, wallahi in ka ji ta ba za ta yi maka baƙunta sosai ba. Wajen 1025 wani malamin coci a Italiya, Guido na garin Arezzo, ya fito da hanyar rubuta sauti kan layuka, daga wajenshi do re mi ɗin nan ta samo tushe, kuma da zarar an iya rubutawa sai aka samu damar ɗora murya kan murya ba tare da an rikice ba. Wajen 1200 a cocin Notre Dame na Faris wani mai tsara waƙa, Perotin, yana rubuta waƙa mai layi huɗu. Zuwa zamanin Palestrina, mai tsara waƙoƙin coci a Italiya wanda ya rasu a 1594, abin ya nuna, har wani Bature ɗan Ingila Thomas Tallis ya rubuta wata mai layi 40, kowa da nashi.

Yanzu ga abin da nake so ka gwada, don wannan ba a gane shi da karatu. Samu abokanka biyu. Kai ka riƙe do kar ka motsa, na biyu ya hau mi, na uku ya hau so, ku ja tare. Da farko za ku yi ta dariya don kowa zai zame ya koma kan muryar ɗan'uwanshi, dama haka ake farawa, toshe kunne ɗaya da yatsa zaka ji kanka. In ta zauna zakaji wani abu yana rawa a ƙirjinka kamar ɗakin ne ke amsawa. Toh sai na tsakiyar ya ɗaga daga mi zuwa fa ku kuma ku tsaya inda kuke, nan take zakaji abin ya takura, fa da so suna gogar juna, kunne yana roƙon a sauka, ya ɗan daɗe a haka sannan ya dawo mi a hankali. Wannan saukar ita ce take tada tsikar jiki. Su Palestrina da wannan matsewa da sakewa suka yi ta wasa, kuma yau mai kiɗan fim in yana so ka yi ƙwalla ita yake ɗaukowa, sai dai shi da goge irin na Turawa guda talatin zai yi maka.

Ta Champions League kuwa ba ma kama bace, jini ne. Tony Britten ya tsara ta a 1992 kuma a kan waƙar shahararren mai tsara kiɗa Handel mai suna Zadok the Priest ya gina ta, wadda aka yi don naɗin Sarki George na biyu a 1727, tun daga lokacin kowane naɗin sarautar Ingila sai an rera ta har na Charles a 2023. Nemi ta asalin ka sa iyafis, masu goge za su yi ta hawa suna sauka fiye da minti ɗaya kana jiran abin da bai zo ba, har ka fara gajiya, sai mawaƙa su faso gaba ɗaya. Dabarar kenan da ke sa gidan kallon ƙwallo ya yi tsit na ɗan lokaci kafin a koma musun Madrid da Barca.

Finafinan Amurka kuwa, masu tsara kiɗan da suka taso a Viyana irin su Max Steiner da Korngold ne suka ɗora musu wannan salon a shekarun 1930, a ba kowane jarumi ko mugu ɗan karinshi, da ka ji shi ka san waye ke tafe tun kafin ya bayyana. Amma wanda ya fi bani sha'awa na Indiya ne da iyayenmu suka yi ta kallo a silima. Da yawa daga cikin masu tsara wa makaɗan Bombay kiɗa a shekarun 1950 da 1960 Kiristocin Goa ne, irin su Sebastian D'Souza da Anthony Gonsalves, Goa tana hannun Fotugal har 1961 kuma a makarantun coci suka koyi goge da karanta kiɗa. Muryoyin matan nan da ke cewa aaaa daga nesa in uwar jarumi ta faɗi, da tarin gogen da ke kuka a baya, hannunsu ne. Wato tsohuwar da ba ta taɓa leƙa coci ba a Aboabo ta sha kuka da wannan tsarin ba ta sani ba.

Sai mawaƙiyar taku. Ban ji ta ba, amma na san salon, daga Amurka aka kwaso shi. A 1991 Whitney Houston ta rera taken ƙasarsu a wasan Super Bowl, aka sauya mata bugun daga uku uku zuwa huɗu huɗu don ta samu filin jan numfashi, abin ya yi kyau ƙwarai, tun daga nan duk mai murya yake ganin shi ma sai ya yi. Abin da ake mantawa shine nasu taken dama yana da wuyar rerawa, yana hawa sama sosai, sun saba mutum ɗaya ya yi sauran su saurara. Namu ba haka aka gina shi ba, an yi shi ne don dubban mutane su ɗauka tare da tafiya irin ta fareti. Ni ma'aunina uku ne kuma ba na ɓoyewa: in ka fara shi a inda maza ba za su iya kai ƙarshen ba ka ɓata, in ka ja shi har yara suka rasa inda za su yi numfashi ka ɓata, in kuma baitin ƙarshen nan da ake maimaitawa ka ƙarar da ƙarfinka a zagayen farko toh na biyun ba shi da inda zai hau. A wajen shagali in mawaƙi ya yi ado da murya ba laifi, ya nuna baiwarshi, amma a filin Baba Yara da Black Stars a jere hannu a ƙirji, masu tsakin nan ina bayansu.

In kana so kaji yadda ɗan ƙasa ya karɓi murya huɗun ya juya ta ta zama tamu, nemi Ephraim Amu, mutumin Peki, wanda ya yi Yɛn Ara Asaase Ni a 1929. Shi ya dage cewa karin waƙa dole ya bi hawa da saukar harshen Twi da Ewe, kar a murɗe magana don a gamsar da ƙa'idar Turawa, shi ya sa a waƙoƙinshi zakaji muryoyin suna hawa tare suna sauka tare, ga kuma bugun gida a ciki. Wannan taurin kan har ya raba shi da aikinshi a kwalejin Akropong bayan ya hau mumbari da zanen gargajiya maimakon kwat. Ka samu wadda Winneba Youth Choir ko wata ƙungiya mai cikakkiyar murya huɗu ta rera, ka ji ta sau biyu, na farko yadda ka saba, na biyu ka manta da sofrano gaba ɗaya ka bi mazan da ke can ƙasa daga farko har ƙarshe, sannan ka yi wa taken Gbeho haka shi ma.