Amsa kan haɗa turaren ƙaro a lokacin kaka

Assalamu alaikum ƴar'uwa. Kin tambayi yadda za ki haɗa turaren wuta na ƙaro da kanki yanzu da damina ta ɗauke, kin kuma ce wanda kika gwada ya dunƙule a tukunya, da kika zuba shi a kasko sai ƙauri ya rinjayi ƙamshi. Na daɗe ina wannan haɗin a nan Damagaram, kuma a ganina matsalar tana cikin irin ƙaron da kika saya da kuma yawan wutar da ya sha.

Ba kowane ƙaro ne na turare ba. Ƙaron dakwara, wanda malamai ke sawa a tawada, ba shi da ƙamshi, yana narkewa a ruwa, idan ya hau garwashi kuma sai ya ƙone ya yi baƙi. Na turare su ne ƙaron hano, wanda wasu ke kira ararrabi, da ƙaron dashi, da ƙaron maje da ake kawowa daga kudu, sai jawul, sai kuma lubban da ke fitowa daga Oman da Yaman da Somaliya. Idan kin shiga Kasuwar Dole ta nan Damagaram, ki roƙi mai kayan ya ɗora ɗan gutsure a kan garwashi a gabanki kafin ki biya, domin mai kyau zai yi laushi, ya ɗan tafasa, ya saki farin hayaƙi mai ƙamshi, kuma ido kaɗai ba ya bambance wannan.

Ƙaro shi kaɗai yana saurin cinyewa, shi ya sa ake yi masa jiki da kajiji da jema da icen sandal. Ki wanke kajijin, ki shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, domin a farkon kaka danshi bai gama barin iska ba, kuma duk abin da aka rufe da sauran laima fumfuna zai yi. Awon da na saba shi ne gwangwani 4 na itatuwan, gwangwani 1 na ƙaro. Dashi yana da nauyi da ɗan ɗaci a hanci, saboda haka kaɗan nake sawa, in bar hano da lubban su jagoranci haɗin. Su ne suka dace da wannan lokaci, saboda suna kore warin danshin da damina ta bari a ɗaki da tufafin cikin akwati, kuma ba sa hawa kai a zafin watan Oktoba. Kanumfari da kirfa da ƙarin jawul ki bar su sai hunturu ya shigo.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne tukunya. Ki narka sukari da ruwa kaɗan har ya yi danƙo, ki zuba itatuwan, ki riƙa juyawa a kan wuta ƙasa-ƙasa har sukarin ya kama jikinsu, sannan ki sauke. Kada ƙaro ya shiga tukunya tana kan murhu. Sai haɗin ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, yadda hannu zai iya shiga, za ki barbaɗa dakakken ƙaron kina murzawa, daga ƙarshe ki ɗiga turaren mai, ba mai yawa ba, don kada ya danne ƙaron da kika kashe kuɗi a kansa. Idan ƙaron yana manne wa turmi, ki sa shi a firigo ya ɗan daskare, ko ki daka da sanyin asuba, kuma dakan ya zama ɓarza, ba gari ba. Ki zuba a kwalba mai murfi, ba leda ba, ki ajiye nesa da rana kamar mako 2 kafin ki fara amfani da shi.

Wajen turarawa, ki jira gawayin ya ruru har toka ta fara lulluɓe shi, ko ki yayyafa toka da kanki, sannan ki ɗora kaɗan. Jan garwashi yana babbake ƙaro nan take, shi ne ƙaurin da kika ji. Ki bar taga a buɗe, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana da haɗari ga rai, kuma idan akwai jariri ko mai ciwon asma, ki turara ɗakin suna waje, su shigo bayan hayaƙin ya lafa.