Dwarka: Birnin da Teku ya Cinye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani bidiyo yana yawo a waya, ana cewa an gano birnin Krishna a ƙarƙashin teku a Indiya, mai shekara 9,000. Da gaske ne? Ɗalibi daga Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Mai bidiyon ya haɗa hatsi biyu ne a buhu ɗaya.

Ga abin da littattafan Hindu suka ce. Jarasandha, sarkin Magadha, ya kai wa garin Mathura hari har sau 17, sai Krishna, ɗaya daga cikin allolin da mabiya Hindu ke bauta wa, ya kwashi danginsa Yadawa ya yi yamma da su bakin teku, a jihar Gujarat ta yau. Teku ya ja baya ya bar masa fili, magini Bishwakarma ya tayar da birnin Dwarka. Sunan daga "dwar" ne, wato ƙofa. Mu da ke shiga ta Ƙofar Doka mu fita ta Ƙofar Gayan ba za mu yi mamakin wannan suna ba. Ƙarshen birnin yana kashi na 16 na Mahabharata, babban littafin almarar Hindu: shekara 36 bayan yaƙin Kurukshetra, bakin da sarauniya Gandhari ta yi wa Yadawa ya kama su, suka bugu suka karkashe juna, mafarauci Jara ya harbi Krishna a ƙafa zaton barewa ce. Arjuna, aminin Krishna, ya fitar da mata da yara, ruwa ya rufe gari.

Sai maganar bincike. A shekarun 1980 S. R. Rao ya jagoranci masu nutso daga cibiyar nazarin teku ta Goa. Sun sami sassaƙaƙƙun duwatsun gini da duwatsu masu huji da ake tsayar da jirage da su, kuma a tsibirin Bet Dwarka an tono tukwane na wajen shekara 1500 kafin Miladiyya. Matsalar ita ce gwajin kabon, wanda ake gane shekarun abu da shi, yana buƙatar itace ko ƙashi ko gawayi. Dutse ba ya faɗin ranar da aka sassaƙa shi. Shi ya sa masanan da suka biyo baya suke ganin yawancin duwatsun na tashar jiragen fatake ne ta ƙarnonin da suka zo can daga baya. Kamar ganuwarmu ce: ka ga bango da idonka, amma bango bai rubuta sunan Sarauniya Amina a jikinsa ba.

Ita kuwa shekara 9,000 ba ta Dwarka ba ce sam. Daga mashigin tekun Khambhat take, ɗaya gefen yankin, inda a 2001 na'urar amo ta nuna wasu siffofi a ƙasan ruwa. Guntun itacen da aka gwada aka sami waɗannan shekaru, yaso shi aka yi daga laka, ba a tono shi cikin gini ba, kuma igiyar ruwan wurin mai ƙarfi ce, tana iya kawo shi daga ko'ina.