Tambayi Likita: Me Ya Sa Ciwo Ke Komawa Inda Ya Taɓa Fitowa?

Tambaya: Likita, an ce ina da soriyasis, ciwon fatar nan mai yin ɓawo. Nakan shafa magani ya baje, bayan wata biyu ya sake fitowa a gwiwar hannu, daidai inda yake a da. Ko maganin ne jabu? Wata mai karatu daga Zariya.

Amsa: Malama, ba lallai ne laifin maganin ba. Fatar wurin ce ba ta manta ba. Da can mun ɗauka fararen ƙwayoyin jini ne kaɗai ke tuna cutar da suka taɓa yaƙa. Har yanzu da gaskiya a nan, don wasu daga cikinsu kan tare a wurin da ciwon ya warke. Amma a 2017 ɗakin binciken Elaine Fuchs a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka ya nuna cewa iyayen ƙwayoyin fata, waɗanda ke haifar da sabuwar fata, su ma suna riƙe da nasu tarihin. An haddasa wa ɓeraye kumburin fata, aka bari ya lafa, sannan aka ji musu rauni a wurin. Raunin ya warke da sauri fiye da na fatar da ba ta taɓa kumbura ba, kuma an ci gaba da ganin haka har bayan kwana 180.

Ga yadda abin yake. Kundin gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta a naɗe yake tam, kamar zare a jikin kwarkwaro. Kumburi kan warware wasu sassansa domin a karanta umarnin yaƙi. Bayan ƙura ta lafa yawancinsu na sake naɗewa, wasu kuwa su zauna a sake. Da an sosa wurin, ko fatar ta tsage da hunturu, sai martani ya taso nan take, wani lokaci ya wuce kima. Ga rauni wannan alheri ne, ga mai soriyasis kuwa fitina.

Don haka a riƙa shafa man kaɗanya ko Vaseline da an fito wanka, kafin jiki ya bushe. A daina kankare ɓawon, domin rauni da kansa na tayar da sabon tabo. Abin da na fi jin tsoro shi ne shan Prednisolone ko Dexamethasone daga kemis ba da umarnin likita ba: fata ta yi kyau ƴan makonni, ana dainawa ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko.

Tambaya: Shekara shida ina sakaci da ciwon suga. Yanzu wata takwas ke nan sugana na daidai, amma aka ce idona ya taɓu. Ina amfanin wahalar? Wani magidanci daga Maraɗi.

Amsa: Malam, amfanin na nan, jinkiri kawai yake yi. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanyoyin jini ma suna da irin wannan riƙo. A wani gwaji na 2008 an jiƙa su da suga mai yawa na awa 16 kacal, aka mayar da su ma'aunin lafiya, amma makunnin kumburi a cikinsu ya ci gaba da aiki har kwana shida. A jikin mutane kuma, wani bincike mai suna DCCT da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 ya bi masu ciwon suga nau'i na ɗaya su 1,441. Rukuni ɗaya ya riƙe HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, a wajen kashi 7, ɗayan a wajen 9. Bayan an kammala, duka biyun suka haɗu a kusan 8, amma shekaru da dama rukunin farko bai kai na biyu lalacewar ido da ƙoda ba. Jiki na riƙe shekarun kulawa kamar yadda yake riƙe na sakaci. A yi HbA1c duk wata uku zuwa shida, a duba bayan ido da furotin a fitsari sau ɗaya a shekara, a kuma tsare hawan jini, don shi ke ƙara wa ido da ƙoda nauyi.

Tambaya: An cire wa mahaifiyata tsiron cikin hanci, ga shi yana dawowa. Aikin ne bai yi kyau ba?

Amsa: Tiyata na cire tsiron, ba ta sauya shimfiɗar da ta haife shi. Wani bincike na 2018 ya gano cewa iyayen ƙwayoyin cikin hancin masu wannan larura suna riƙe da tambarin kumburin alaji ko da an raine su a wajen jiki. Shi ya sa ake ci gaba da feshin hanci mai sitiroyid, wato maganin rage kumburi, kullum, tare da wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce. Wasu daga cikin waɗanda tsiron ke dawo musu sun ajiye feshin ne da suka ji numfashi ya buɗe. Idan Hajiya na da asma, ko asfirin na tayar mata da numfashi, a gaya wa likitanta, don irinsu tsiron ya fi saurin komowa.