Na Fahimci Fushinsu, Shin Na Goyi Bayansu Ke Nan?

Tambaya: Malam, 'yan bindiga sun sace ƙanena a yankin Madarunfa. Washegari samarin ƙauyenmu suka ƙone rugar Fulani. Na ce na gane zafin zuciyarsu, sai yayana ya ce goyon baya ne. Haka ne? — Wata mai karatu, Maradi.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya kuɓutar da shi. Gane dalili daban, halastawa daban. Likita ma yana sanin cuta ba don yana sonta ba. Tun 2019 mutanen Zamfara, Katsina da Sakkwato ke gudowa Gidan Rumji, a jihar Maradi ta Nijar, saboda wannan bala'i, har da Fulani. Matar da aka ƙone wa bukka, me ta sata? A kai wa jandarmomi rahoto, alƙali ya tuhumi ɓarayin, ya tuhumi masu ƙonawar, ko da 'ya'yanku ne.