Amsa ga mai tambaya kan BPA da bulumbotin jariri

Ƴar'uwa, sannu da hidimar yara. Kin tambaya ko gaskiya ne robar bulumboti na ɗauke da sinadarin da ke taɓa lafiya. Da ƙamshin gaskiya. Sunansa Bisphenol A, BPA a taƙaice, kuma cikin jiki yana kwaikwayon istrojin, sinadarin da ke tafiyar da al'adar mata. Shi ya sa aka fi jiye wa jarirai da masu juna biyu tsoro.

Masana dai kansu bai haɗu ba. Tarayyar Turai ta hana shi a bulumboti tun 2011, Faransa ta fitar da shi daga duk mazubin abinci a 2015, amma FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta ce ɗan abin da ke shiga abinci ba ya cutarwa. Ni kam, kan jariri, na fi karkata ga matsayin ƙasashen Turai.

Ba kowace roba ba ce fa. Ki kifa bulumbotin ki duba gindinsa: roba mai tauri, garau kamar gilashi, mai lamba 7 ko PC, ita ce abin zargi. Ledar piya wata da gorar ruwa mai lamba 1 ba da BPA ake yin su ba. Gwangwanin tumatir ma wani lokaci da shi ake shafe cikinsa.

Zafi ke fiddo BPA daga jikin roba. Bulumbotin da ya tsufa, ya yi hazo, ya kakkarce, a juye masa tafasasshen ruwa, nan ne matsalar. In kin shiga babbar kasuwar Maradi ki nemi na gilashi ko mai lamba 5, kunu kuma ya huce a kwanon silba kafin ki zuba.