Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Injin Pachinko na Japan, a Saya ko a Bari?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda, wato injin wasan nan na Japan da ake kira pachinko. Ga wanda bai taɓa gani ba: allo ne a tsaye a bayan gilashi, tsayinsa kamar santimita 80, an kakkafa masa ƙusoshin tagulla birjik. Kana danna wani ɗan marfi da babban yatsa, sai ya cilla ƙwallon ƙarfe sama, ta gangaro tana karo da ƙusoshi. In ta faɗa aljihun sa'a, ƙararrawa ta kaɗa, injin ya zubo maka wasu ƙwallayen. To, ga tambayoyinku.

Wani ɗan kasuwa daga Kano: "Na ga irin injin nan a shagon masu kayan gwanjo. Mai shagon ya ce tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera shi, kuma irinsa ba su fi a ƙirga ba a duniya. Kuɗin da ya sa masa ya kusa na sabon babur. Fuskarsa tana da kyau ƙwarai, har da wasu furannin roba masu buɗewa da rufewa. Bai bari na ga bayansa ba, wai a jingine yake da bango. Ƙwallayen ma ya ce sun ɓace. In saya?"

Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukuna, ka gyara zama, don maganar tana da ɗan tsawo.

Furannin roban da suka burge ka su ne suka tona asirin mai shagon. Sunansu tulip, kuma sai a 1960 suka fara fitowa a jikin injinan pachinko. A zamanin yaƙin da yake faɗa, rufe gidajen wasan ma aka yi a Japan. Bayan yaƙi ne harkar ta farfaɗo a birnin Nagoya, inda wani mutum mai suna Masamura Takeichi ya fito da sabon tsarin jera ƙusoshi a wajajen 1948, wanda daga baya kowa ya bi sawunsa. Saboda haka injin da ke da tulip da tiren roba, ko a mafarki bai ga yaƙi ba. Mafi yawan waɗanda ke yawo a hannun mutane a wajen Japan 'yan shekarun 1970 ne.

Batun ƙarancinsa kuwa, nan ne raina yake ɓaci. Kamfanoni irin su Nishijin da Sankyo da Heiwa da Sanyo ba ɗaya-ɗaya suka riƙa ƙera injinan nan ba. Gidajen wasa kan cire tsoho su sa sabo a kai a kai don kada 'yan wasa su gundura, waɗanda aka cire kuma su taru jibgi. A shekarun 1970 'yan kasuwa suka riƙa kwasarsu zuwa Amurka ana sayarwa a matsayin kayan wasan gida, har yau kuma suna nan a garejin mutane. Wato abin da aka ce maka na sarakuna ne, kwantai ne tun asali. Gaskiya ne kamfanin Nishijin ya rufe a 2023, kuma dillalai sun samu abin faɗa, wai yanzu kayansa sun zama zinariya. Rufewar kamfani ba ta rage yawan abin da ya riga ya bazu a duniya.

Abin da ke ba ni mamaki da mutanenmu shi ne, mutum zai tsaya ya yi rabin awa yana taya mudun shinkafa, amma da zarar an ce masa "tsohon kaya ne daga waje", sai bakinsa ya mutu, hannunsa ya tafi aljihu. Kalmar "na da" ba shaida ba ce. Shaida tana jikin injin. Duba fuskar allon ko gefen katakon, sau da yawa za ka tarar da 'yar takardar izini ko hatimi mai lambobi. Japanawa a lokacin da lissafin zamanin sarkinsu, Showa, suke rubuta shekara. Ka ƙara 1925 a kan lambar, shekarar ta fito: 50 ita ce 1975, 48 ita ce 1973. In ka yi wannan lissafin a gaban mai shago, za ka ga yadda farashi yake saukowa da kansa.

Sai babbar magana, wato bayan da aka hana ka gani. Ran injin nan a bayansa yake. Tsofaffin ba da wuta suke aiki ba, nauyin ƙwallo ne kawai ke sarrafa komai. Ƙwallon da ta ci tana zagayawa baya, ta hau kan wani ɗan sikeli, ya rinjaya, ya ja sandar ƙarfe, ƙofar rumbu ta buɗe, ƙwallaye goma sha wani abu su zubo, galibi ba sa wuce 15. Duk wannan hanyoyin roba ne da ƙananan ƙarafa masu shekara hamsin. Roba ta bushe tana karyewa, ƙarfe ya yi tsatsa. Yanki ɗaya in ya ɓace, ba za ka same shi a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ba. Sai ka yi oda daga waje da dala, ko ka sayi wani injin ka yanka. Wanda ya ce ka biya ba ka ga baya ba, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Ga sharaɗina. A janye shi daga bango. A samo ƙwallaye a cika tiren sama. Ka buɗe gilashi, ka jefa ƙwallo da hannunka a kowane aljihu, ɗaya bayan ɗaya, ka ji ƙararrawa, ka ga biya ya zubo. Ka duba hoton allon, in akwai tabon ruwa ruwan kasa-kasa ko ya kumbura ya rabu da katako, ka sani gyaransa sai an zare ƙusoshi ɗaruruwa an mayar, kuma ba kowane kafinta zai iya ba. In mai shago ya ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka yi masa sallama. In ya yarda kuma komai ya yi, ka taya shi kuɗin kayan ado mai kyau, ba kuɗin babur ba. Babur aƙalla zai kai yara makaranta.

Wata uwa daga Kaduna: "Ƙanen mijina ya dawo daga Amurka ya kawo wa yarana tsaraba irin wannan injin. Suna murna, ni kuma hankalina ya tashi tunda aka ce mini na caca ne. Ba na son in ɓata wa mai kyauta rai, ba na kuma son in shigo da haram gidana."

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da wannan kulawa, kuma ki kwantar da hankalinki. Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. A Japan doka ta hana yawancin nau'o'in caca, amma an yi wa pachinko wata hanya ta bayan gida: ɗan wasa ya karɓi ƙwallaye da kuɗi, in ya tara da yawa a musanya masa da wata 'yar kyauta ta musamman, ya fita waje ya sayar da ita a wata taga da ke kusa, a ba shi kuɗi. Su kansu ba sa barin wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga gidajen. Amma injin da ke falonki ba shi da ramin saka kuɗi, ba ya kuma fitar da kuɗi. Ƙwallon da ta fito ita ce za a mayar ciki. Hukuncin ajiye shi na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa, ki bayyana masa yadda na faɗa miki. Abin da zan ce a nawa ɓangaren: kada a sa komai a kai, ko alewa ce, ko "wanda ya ci a ba shi naira kaza". Daga nan ake koyo.

Akwai kuma abin da ya fi damuna nan take. Ƙwallon nan milimita 11 ce, tana sheƙi, tana kuma zubewa ƙasa ta gangara ƙarƙashin kujera. In kina da mai rarrafe ko mai kai komai baki, a ɗaga injin sama, a kulle ƙwallayen a gwangwani, a fito da su sai babba yana wurin.

Wani ɗalibi daga Nagoya: "Ina gama karatu bana. Injinan zamani masu talabijin a tsakiya suna araha a nan idan gidajen wasa sun cire su. Ina so in sako ɗaya a kaya zuwa gida."

Ƙanena, arahar a can take, ba ta biyo ka jirgi. Ba mamaki su yi araha: gidajen pachinko sun haura 18,000 a tsakiyar shekarun 1990, yanzu ba su kai 8,000 ba, injinan da aka cire sun yi yawa. Amma tun da aka fara sa hannun lantarki mai cilla ƙwallo a 1973, Sankyo kuma ya fito da injinsa mai suna Fever a 1980, injin ya tashi daga aikin maƙera ya koma kwamfuta. Na zamani yana da nauyin gaske, kuɗin dakonsa da na fito za su ninka kuɗin sayensa. Da wutar bolt 24 yake aiki, taransifomar da za a haɗa maka da ita a can kuma ta bolt 100 ce, mu kuwa tamu 230. Ƙara da yadda wutarmu take zuwa da ƙarfi ta koma, ga janareta. Allon kwamfutarsa in ya ƙone, mai gyaran waya na bakin titi ba abin da zai yi maka. Waɗanda aka fara yi daga 1992 masu aiki da kati ma sai an ƙara musu wata 'yar na'ura kafin su yarda su yi wasa a gida. Sannan ka yi tunanin bayanin da za ka yi wa jami'in kwastan da ya buɗe kwali ya ga lambobi uku suna juyawa irin na injin caca. In lallai kana son abin tunawa da Nagoya, nemi tsoho mai marfin yatsa. Shi ko babu wuta yana aiki, fitilunsa ne kawai ke son ɗan batir na bolt 9.

Wani matashi daga Zariya: "In na sayi guda uku na ajiye a shagona yara suna biya suna bugawa, wanda ya ci in ba shi kuɗi, a wata nawa zan mayar da jarina?"

Kalo-kalo, wato gidan caca, kake son buɗewa, ka zo ina taya ka lissafi? Tun 1977 akwai dokar Najeriya da ta haramta injinan caca, ga kuma 'yan Hisba, ga iyayen yaran. Nemi wata sana'ar.

Wani makanike daga Jos: "Na samu ɗaya kyauta, ƙwallaye suna maƙalewa. Na ɗiga masa man inji, ya yi kwana biyu lafiya, yanzu ya fi da muni. Ƙwallayen ma kaɗan ne, zan iya cikawa da 'ya'yan boris?"

Malam, hannunka ya saba da mota, shi ya sa. Hanyar ƙwallon pachinko a bushe ake son ta. Mai yana kama ƙura, ƙwallaye su kwashe shi su shafa wa ko'ina, lokacin hunturu kuma sai ya zama kwaɓa. Yanzu aikinka shi ne ka ɗauki hoton bayan injin da waya, daga kowane ɓangare, kafin ka kwance ko da noti ɗaya. Ka wanke robobin da ruwan ɗumi da sabulu, su bushe sarai a inuwa. Ƙarafan ka goge tsatsarsu. Allon gaba kuwa kada ruwa ya taɓa shi, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, in za ka goge kawunan ƙusoshi ka yi a hankali kada ka lanƙwasa su. A da, a gidajen wasan Japan akwai gwanaye da aikinsu ke nan, gyara tsayuwar ƙusa da ɗan guduma, domin ɗan karkacewa kaɗan yana canza inda ƙwallo za ta bi.

Boris kuma a'a, sai in ka auna ka tabbatar milimita 11 ce cif. Wadda ta ɗara haka za ta toshe hanya, wadda ba ta kai ba za ta rikita sikelin biya. Na asali sau da yawa za ka ga an zana sunan gidan wasa a jikinsu. Ka tanadi kamar 500 don tiren sama kada ya yi ƙasa, domin da yawa daga injinan in rumbunsu ya ƙare sukan kulle kansu, mutum ya ɗauka lalacewa ce. Duk ƙwallon da ta yi tsatsa ka jefar, ita ce ke kankare hanya.

Wata amarya daga Abuja: "Maigidana yana so ya rataya nasa a bangon falo. Ni kuma bayansa duk tarkace ne, ba kyan gani."

Kina da gaskiya, 'yata, ba a yi shi don a ga bayansa ba. A Japan cikin bango ake jera su, ƙwallayen da suka faɗi su bi ta wata hanya a ɓoye. A gida sai kafinta ya yi masa akwati mai ƙofa ta baya ko ta gefe, a bar wurin zuba ƙwallaye a sama, a sa ɗan kwano a ƙasa mai tarar waɗanda suka faɗi, in ba haka ba kullum kina cikin shara. Ya tsaya daidai, ya ɗan kwanta baya kaɗan, kuma a ɗaure shi sosai don kada ya rikito kan yaro. Kada a sa shi inda rana ke bugawa ta taga, launinsa zai koɗe, kada kuma a jingina shi da bangon da ke jiƙa da damina. Sai ki shirya wa ƙara, don ƙarfe ne ke zuba kan ƙarfe, ga ƙararrawa. Ku yi yarjejeniya tun yanzu cewa bayan sallar isha'i an tashi wasa.